Kawu Haruna da Jiragensa

Duk wanda ya taɓa shiga akori-kurar Kawu Haruna a Ras Al Khor, nan Dubai, ya san ba ya fakin kamar mutane. Sai ya yi wani kwana mai faɗi, ya leƙo kai ta taga, ya shigo a karkace. In ka yi magana ya ce, "Haka ake saukar da jirgin yaƙi Corsair a kan jirgin ruwa. Hancinsa dogo ne, matuƙi ba ya ganin gabansa."

Mutumin Damagaram ne, aikinsa lodin kwantena. Amma jiragen yaƙin duniya na biyu, masu tashi daga kan jirgin ruwa, wallahi ya fi sanin su a kan danginsa. Kowace shekara kuma sai ya ce, "Bana zan koma gida wurin 'yata Zainabu." Shekara ta ƙare, yana nan.

A ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz ba a shan shayi lafiya. Sai Kawu ya fara, wai ƙirar Corsair ta farko tsalle take kamar akuya in ta sauka, aka gyara ƙafafun, aka ɗaga kujerar matuƙi...

Na ce, "Kawu, shayinka ya huce."

"Tsaya, Sabo! Ban ma zo kan mai farfela mai fiffike huɗu ba."

Wannan mai huɗun ce ta ja mana. Ya yanko langa-langa ya ƙara wa fankarmu ta tsaye fiffike na huɗu, wai ta ƙara ƙarfi. Ana kunna ta ta hau kakkarwa, ta kama hanyar ƙofa da kanta. Mu muna neman wurin ɓuya, shi yana tafi: "Yalla! Kun gani? Saura kaɗan ta tashi!"

Sai gadon Hajiya Rabi, mai kai kayan ɗaki Kano. Gado ya ƙi shiga kwantena, Kawu ya ɗauko zarto ya rage masa ƙafafu. Hajiya ta zo ta ɗora hannu a ka.

"Haruna! Me na yi maka?"

"Hajiya, Ingilishi ma sun datse bakin fiffiken Corsair don ya shiga rumfar jirgin ruwansu. Kuma ya tashi lafiya lau."

"To ni na ce maka gadona tashi zai yi?"

Kai, Kawu! Wata Juma'a muna zaune bakin ruwa a unguwar Port Saeed, na ce masa, "Wai me ke hana ka tafiya gidan nan?" Ya kalli jiragen katako, ya ce, "Tashi ba wuya, Sabo. Dawowar ce. Ka yi nisa, ka juyo, ka tarar jirgin ruwan ba ya inda ka bar shi. Uwata ta rasu, matata ta rasu, duk ina nan ina lodi. Tsoro nake ji."

Ranar ban yi masa tsiya ba.

Daga baya ya yi ta maza ya yanki tikiti. Saura 'yan kwanaki ya tafi, ciwon ƙirji ya kayar da shi a bakin kwantena. A nan Dubai muka rufe shi. Ni na kira Zainabu. Ta ce, "Baba Sabo, jiya fa na gama gyara masa ɗaki."

Har yau ina kewar mutumin nan, wallahi. Allah Ya jiƙan Kawu Haruna, Ya yafe masa, Ya ba shi masaukin da ya fi wanda Zainabu ta gyara. Ita kuma Allah Ya sanyaya mata zuciya.