Kwana Bakwai na Ɗayyabu

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin bokitin roba na Sharada ya san Malam Falalu mai kula da inji na uku. Ba a taɓa ganin ya ci abu shi kaɗai ba. Ko goro ɗaya ne sai ya fasa shi uku, har abokan aiki suna tsokanarsa cewa ranar da za a yi masa allura ma sai ya nemi wanda za su raba. Yakan yi dariya, amma ba ta daɗewa a fuskarsa.

Tun daga gida suka taso da wannan hali, shi da wansa Ɗayyabu. Tare suka baro ƙauyensu na wajen Ringim, suka kama ɗaki ɗaya a Dorayi, suna sa hannu a kwano ɗaya. Har ciwon ma iri ɗaya ne: zafi a ƙasan ƙirji da gyatsa mai tsami, abin da kowa a kamfanin ke kira olsa ya kora da ruwan kanwa. Ɗayyabu ne ya fara zuwa asibiti. Aka gwada shi, aka ce wata ƙwayar cuta ce ta zauna masa a ciki, aka haɗo shi da maganin kwana goma sha huɗu. Ya dawo ya zazzage shi a kan tabarma, ya kasa shi gida biyu kamar naman Sallah.

"Ai ciwonmu ɗaya," in ji shi. "Ga bakwai naka, ga bakwai nawa."

Falalu ya karɓa har da godiya. Zafin ya lafa musu su duka, suka yi ta sa wa likita albarka.

Bayan shekara goma sha ɗaya Ɗayyabu ya fara ƙin nama. Loma uku sai ya ce ya ƙoshi, wando ya daina zama masa a ƙugu. Ko da aka zura masa na'ura ta maƙogwaro, ciwon daji ya riga ya ci tumbin. Likitan da ya duba tsohon katinsa ya tambaye shi ko ya shanye maganin nan na can baya. Ɗayyabu ya dubi silin ya ce ya shanye. Falalu na tsaye a gefen gado yana ji. Wata biyar aka yi, aka kai Ɗayyabu makwancinsa.

Tun daga nan tabarmar nan ba ta bar idon Falalu ba. Inji na buga bokiti, shi kuwa abin da kunnensa ke ji shi ne "ga bakwai naka". Nasa zafin ya dawo, amma shekara shida ya ƙi taka asibiti. A ganinsa ya riga ya sha rabonsa ya haɗa da na wani, da wane ido zai je ya nemi ƙari?

Sai bara wasu ma'aikatan lafiya suka zo kamfanin, suna raba 'yan kwalabe na gwajin bayan gida don gano ƙwayar cutar nan ta ciki. Maza suka yi ta ƙyalƙyata dariya suna ɓoye kwalbar a aljihu. Likitar da ta jagorance su ta ce ƙwayar a gida ɗaya take yawo, yawancin masu ita ba za su taɓa kamuwa da daji ba, amma wanda aka yi ciwon a danginsa kada ya yi wasa. Falalu ya jira kowa ya watse, sannan ya matsa.

"Likita, in mutum ya sha rabin maganin fa?"

"Rabi ba ya kashe ta, Malam, sai ma ya ƙara mata taurin kai. Amma ba mai iya rantse muku cewa da ya shanye da ya tsira."

Ba ta wanke shi ba, ba ta kuma ɗaure shi ba. Sakamako ya fito yana da ita, aka ba shi nasa goma sha huɗun.

Ranar kwana na bakwai, bayan an sauko daga Juma'a, Fiddausi ta zo gaishe shi, babbar 'yar Ɗayyabu, yanzu mai 'ya'ya biyu. Tana zama ta danna ƙasan ƙirjinta da babban yatsa, daidai yadda ubanta ke yi. Ta hango ledar magani a gefen Falalu.

"Baffa, na olsa ne? Ku ɗan sam mini mana, ko na kwana biyu."

Wallahi hannunsa ya riga ya fara yaga katin maganin kafin ya farga. Ya tsaya, ya mayar da shi cikin ledar.

"Ba zan ba ki ba."

Fiddausi ta ɗago a razane, don ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Nan ya gaya mata abin da ya binne shekara goma sha bakwai, tun daga tabarma har zuwa ƙaryar da ubanta ya yi wa likita don ya rufa masa asiri. Ta daɗe tana share ido da bakin mayafi. Ya ce ranar Litinin zai ɗauki hutu ya kai ta gwaji da kansa, ta gyaɗa kai.

Washegari da safe ya ɓallo ƙwayoyin kwana na takwas. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa, don daga nan ne wansa bai taɓa sha ba. Ya yi bisimilla ya haɗiye, shi kaɗai.