Na Je Har Paris Ba Wanda Ya Ture Ni

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Minguettes a gefen Lyon, ina sallame salla mota na jira a gindin bene. Mu uku ne: ni, da abokiyar aikina, wata Bafaranshiya da muke wankin zannuwan otal a kamfani ɗaya, sai mijinta da ke tuƙi. Paris muka nufa, kallon wasan wasu makaɗan thrash metal, kiɗan nan mai gudu da ƙara wanda 'ya'yana ke cewa kamar an zuba cokula a injin wanki. Masu shirin yi mani wa'azi a ƙasan rubutun nan ku adana yawunku. Sai da na yi jika na shiga ajin koyon karatu, kuma ban koyi rubutu don in nemi izinin kowa ba.

Ita abokiyar tawa ce ta fara saƙala mani kiɗan a kunne, wata rana da rurin injuna ya ishe ni. Ina jin gangar na tuna lugude a tsakar gidanmu a Tasawa, mata kan turmi ɗaya, ba mai jiran wata. Tun daga ranar ban sake shi ba. Amma abin da ya fi shiga raina shi ne wanda suke kira pogo: a buɗe fili a tsakiyar taro, mutane su ruga su yi ta karo da kafaɗa, wanda ya faɗi a ɗaga shi a ci gaba. Shekaru ina kallonsa a waya. Lokotoro kuma, wato likita, ya yanke magana, wata mai kamawa za a tsaga gwiwata ta dama a sa ƙarfe, daga nan babu gudu babu karo. Ke nan ba sauraro kawai ya fitar da ni ba. So nake in shiga filin nan a buge ni in bugi wani, ko sau ɗaya ne.

Hanya sumul, babu rami ko na magani, amma a bakin ƙofar biyan kuɗin hanya suna tatsar mutum kamar ƙasar ubansu ya ratsa, wanda kuwa haka ne. Mun wuce gonakin inabi da wasu fararen shanu masu ƙiba da ba makiyayi a bayansu. A wurin hutawa na ga kuɗin burodi mai sanyi da ganye biyu a ciki, na mayar musu da abinsu, na kwance dambun naman da na taho da shi. Mijin abokiyata ya ci rabi yana share hawayen yaji, yana ƙara miƙo hannu.

Bayan azahar muka shiga Paris. Na bar su suna neman wurin ajiye mota, na hau metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Château Rouge, wajen wata Hajiya 'yar garinmu mai sayar da atamfa, wadda a gidanta na La Courneuve zan sauka. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi baƙar doguwar rigata da baƙar rigar makaɗan da na ɗora a kai.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya. Wajen kiɗa za ni."

"Da wannan hoton ƙwarangwal a ƙirji? Allah Ya shirya. Ci abinci tukuna, kada ki je ki faɗi a ce ban ciyar da ke ba."

Na ci shinkafa da miyar gujiya, na yi magariba a bayan shagon, na fita.

A ƙofar zauren layi ya miƙe, duk baƙaƙen kaya, gashi har baya, wasu da furfura fiye da tawa. Mai binciken jaka ya ji ina waya da Hausa, ashe ɗan Damagaram ne, ya gama jami'a yana gadin ƙofa. Ya ce, "Inna, ɗanki kika zo ɗauka? Ki jira nan gefe in nemo maki kujera." Na nuna mashi tikena na shiga. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Inna, ciki fa ba daɗi." Na ce ya matsa mani.

Kiɗan kam ba ni da abin cewa. Waya ƙarya take yi. Gangar a haƙarƙari nake jin ta, jita biyu suna tsere kamar ana sarar itace, mawaƙin yana ihu jijiyar wuya a waje. Waƙa ta uku fili ya buɗe. Na ƙara ɗaure kallabina, na yi bisimilla, na faɗa ciki.

Sai kowa ya kauce. Duk inda na nufa hanya ta buɗe. Ƙarti masu gudu kamar bijimai suna zuwa kusa da ni sai su taka birki, su ɗaga hannu sama, su zagaye ni. Wasu ma suka haɗa hannu suka yi mani shinge, kada wani ya taɓa ni bisa kuskure. Ga ni tsaye a tsakiyar guguwa, ko gefen rigata bai motsa ba. Mawaƙin ya hango ni, ya nuna ni da yatsa ya faɗi wani abu da Ingilishi, zaure ya ɗauki "Mama! Mama!" Wayoyi suka tashi sama. Bayan an tashi mutane suka yi layi neman hoto da ni, wata yarinya har da hawaye, wai na burge ta. Abokiyata ta fito leɓe a kumbure, tana dariya, ta rungume ni: "Kin ga yadda suke son ki?" Na zame daga hannunta na nufi ƙofa.

Na yi kwana biyu a gidan Hajiya, a rukunin gidajen Cité des 4000, ina tufka da warwara. Na ce laifin doguwar riga ce. Makaɗan za su sake wasa a Lyon, kuma muna da tike, sai na shiga kasuwa na sayi wandon jin, na farko a rayuwata. Hajiya ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera. A hanyar komawa ruwa ya yi ta zuba, ni kuma gwiwa na yi mani zugi, na ƙi faɗa wa kowa.

Zauren Lyon ƙarami ne, a bayan gari tsakanin rumbunan kaya, zafi da warin giya da zufa. Na sa wandon, da takalmin aikina mai ƙarfe a baki, na ja hular riga a kan kallabi har goshi. Na ce yau ba mai gane tsohuwa. Ana buɗe fili na shiga da gudu, kai a ƙasa. Wata kafaɗa ta taho, na shirya mata, na riƙe numfashi. Mai kafaɗar ya ga fuskata, ya murɗe jikinsa a iska ya je ya faɗi can shi kaɗai. Na ji wani yana cewa, "Ita ce ta bidiyon Paris!" Shinge ya sake tashi.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na zaɓi mafi girmansu, wani mai gemu kamar tsintsiya, na ja da baya, na tattara duk ƙarfin da na yi shekaru ina ɗaga jiƙaƙƙun zannuwa da shi, na zuba mashi kafaɗa a ƙirji. Sai da ya yi taga-taga. Na tsaya ina haki, ina jiran ramuwa. Ya dafe ƙirji, ya sunkuyo, ya yi mani ihu a kunne saboda ƙarar kiɗa: "Pardon, madam, yi haƙuri! Ban ji maki ciwo ba ko?"

Na fita daga filin, na jingina da bango na saurari sauran waƙoƙin. Sun yi daɗi, Allah Ya isa.

Na dawo gida na tarar asansar, injin da ke kai mu saman bene, ya mutu kamar kullum, na hau bene da ƙafa ina riƙe da ƙarfe. Da safe na duba jikina kaf, gaba da baya. Ko ƙwarzane babu.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mani. A ƙasar nan an ture ni a layin takardu, an ture ni a bas, an ture ni a wurin aiki, ba wanda ya taɓa cewa pardon. Wuri ɗaya tak da na biya kuɗina don a ture ni kamar kowa, nan aka tuna ni uwa ce. Ban ce mugaye ne ba, yaran kirki ne, kuma kirkin nasu ne ya hana ni shiga. Ku masu zuwa irin wannan wasa da ke karanta ni, in kun ga mace mai furfura ta shigo tsakiyar fili da ƙafarta, ba ɓata ta yi ba. Ku buge ta. In ta faɗi, sannan ku ɗaga ta.