Yadda Na Koma Zane da Hannun Hagu

Lokacin da abin ya same ni, ni malamar zane ce a wani kolej da ke Harobanda, kuma sunana ya fara fita a Yamai wajen akwarel, wato fentin nan da ake jiƙawa da ruwa a shafa bisa takarda mai kauri. Tun ina lakwal, wato makaranta, a Dogon Dutsi nake wannan aiki. Duk Asabar nakan tsallaka gada in zauna bakin kogi ta wajen Gaweye, in yi ta zana masu wanki da masu kwalekwale. An san ni da tsabtar layi, ko igiyar komar kamun kifi na zana sai ka ƙirga ƙullinta. Har wani gidan nune-nune ya yi mini alkawarin ɗaki guda ni kaɗai.

Wata safiya na hau moto, wato babur, zan je unguwar Maourey sayen takarda, taksi ta fito daga lungu ta kwashe ni. Hannuna na dama ne ya shiga ƙarƙashin moton. An yi mini aiki, ƙashi ya haɗe, amma jijiya ta riga ta yanke, yatsu uku suka ƙi lanƙwashewa. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce zan iya ɗaukar kofi, amma riƙe buroshin zane da wuya. Na dawo gida na tattara fenti da takardu na tura ƙarƙashin gado. Na bar zuwa lakwal, na bar zuwa majami'a. In abokan aiki sun zo gaisuwa sai in ce wa maigidana ya faɗa musu barci nake. Shi kansa, bawan Allah, ya sha baƙar magana a bakina bai taɓa ramawa ba.

Ana cikin haka sai ga mahaifiyata daga Dutsi da jakarta, ba wanda ya kira ta. Tsohuwar ma'aikaciyar likita ce, ta yi ritaya. Ba ta yi mini wa'azi ba. Kullum da safe takan zaunar da ni bisa tabarma ta murza mini yatsun da man kaɗe, tana ba ni labarin mutanen gari. Wata rana ta ce kewar gida ta dame ta, kuma tunda saboda ni ta baro shi, to in zana mata tsakar gidanmu da dutsen da ke bayansa. Raina ya ɓaci, na ce ai ita ta fi kowa sanin ba ni da hannu.

Ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, biyu Allah ya ba ki. Ɗayan aikin me yake?”

Da fushi na jawo kayan, don kawai in nuna mata abin ba zai yiwu ba. Hannun hagu yana ta rawa, fenti ya malale, katanga ta narke cikin sama. Na miƙa mata ina hawaye. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mini ƙaryar cewa ya yi kyau ba, ta dai ce ta gane itacen bedin da Baba ya shuka, kuma gobe rijiya take so. Haka ta yi ta ba ni aiki, yau rumbu, gobe ƙofar majami'armu, har damina ta wuce.

Hannun hagu bai taɓa koyon layin nan mai tsabta ba. Dole ta sa na koyi jiƙa takardar tukuna, in ɗiga launi in bar ruwa ya kai shi inda zai kai, in bar fari inda nake son haske. Ranar da na koma bakin kogi, masu wanki suka gane ni, wata ta matsar da kwanonta ta ba ni wuri. Bayan shekara biyu aka rataya zanena a ɗakin nan da aka yi mini alkawari. Wani tsohon malamina ya tsaya gaban zanen kogin ya ce a da hoton ruwa nake yi, yanzu kuwa ruwan yana tafiya. Inna na gefe ta ɗaura sabon zane, tana gaisawa da baƙi kamar bikinta ne.

Yau na koma aji, kuma ina sayar da aikina. Ina gode wa Allah, ina gode wa Inna da maigidana da duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata na ƙi buɗewa. Abin da ya kusa halaka ni ba hatsarin ba ne, kulle kaina ne da na yi. Duk wanda irin wannan ta same shi, ya yi kukansa, amma kada ya kori masu zuwa duba shi. Ni kam, da a ce mahaifiyata ta yi zuciya ta koma gida, da har yau kayana na ƙarƙashin gado.