Sunan Ƙauyen Kakana

Kowace Juma'a nakan hau trotro, motar haya, daga unguwar Madina zuwa unguwar Nima in duba mahaifiyata. Da na gaishe ta sai in zauna bakin tabarmarta in ciro waya, in yi ta kallon bukukuwan mutanen da ban sani ba.

Wata rana tana tsinkar ganyen ayoyo, ta ɗauko labarin yadda mahaifinta ya koro shanu da ƙafa daga wani ƙauye a Nijar har unguwar Sabon Zongo. Ina ta cewa "To, Mma," idona na kan waya.

"Kina ji na kuwa?" in ji ta.

"Ina ji mana."

Ta dube ni, ba ta ƙarasa labarin ba.

Bara ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Da ɗiyata ta tambaye ni sunan ƙauyen, sai na tarar ban san shi ba. Na zaga dangi har unguwar Maamobi, babu wanda ya riƙe.

Yanzu ni nake ba ta koko da cokali. Na gaji da wayar nan, amma da ta yi ƙara sai hannuna ya kai jaka kafin in farga.