Layin da ya ƙi sauka daga saman allo

Jama'a, yau ni Sabi'u mai gadi na tayar da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoma!

Da hantsi mutane sun cika ofis suna jiran takardar karɓar taki, kwamfuta ta ƙi motsi. Direban motar da za ta kai takin garin Dayi ya ce azahar na yi zai tafi, ko da taki ko babu. Malama Binta mai kula da na'urorin tana asibiti a Malumfashi wajen mahaifiyarta. Ni ke riƙe da makullin ɗakin babbar kwamfuta, sai ta kira ni a waya.

Ta ce, "Baba Sabi'u, je ka gaban baƙin allon nan, ka rubuta kalmar top da haruffan boko."

Shugabanmu Alhaji Lawal ya yi dariya. "Ɗan ajin yaƙi da jahilci ne zai gyara mana?"

Na zauna gaban allon. Na lalubo haruffan ɗaya bayan ɗaya. Layuka suka cika allon, suna ta canza wuri. Na ɗora yatsa kamar yadda muke yi a aji, layin ya gudu ya bar yatsan.

Ta ce, "Nemo wanda ya fi cin ƙarfin injin."

Na gyara zama, na zuba ido. Duk suna hawa da sauka, ɗaya ne kawai ya kafe a sama. Na kwafe lambarsa a littafina, na karanta mata sau biyu.

Ta ce, "Shi ne, aikin jiya ne ya maƙale. Rubuta kill, sai lambar."

Na danna. Takardu suka fara fitowa. Kafin azahar an loda takin.

Alhaji ya ja ni gefe, ya rage murya. "Malam Sabi'u, ajin nan naku, wace rana ake shiga?"