Ranar da Na Haɗa Jabel da Ruwan Batir

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su sarai, amma ranar da na tashi wanke banɗakin gidana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na bi ta gaban kanti na ji warin jabel, ruwan nan da ake faranta wanki da shi, sai maƙogwarona ya soma ƙaiƙayi, ni kuma in soma yi wa kaina dariya.

A lokacin ina sayar da kayan babur a Magaria, ban kuma daɗe da aure ba. Gidan da na gina ɗan ƙarami ne, ciki da falo, amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi, wato banɗaki a cikin ɗaki, an shimfiɗa masa farin karo, wato tayil, daga ƙasa har bango, ga dush, ga famfo mai ƙyalli. Ni da na tashi a Dogo-Dogo ina wanka da ƙwarya a bayan danga, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Duk baƙon da ya zo sai na san yadda na yi ya leƙa. Ko mutum bai nemi ruwa ba sai in ce masa, "Ba za ka ɗan kama ruwa ba kafin ka tafi?"

Ruwan unguwarmu na foraj ne, wato rijiyar burtsatse, irin mai nauyin nan da in ya bushe a jikin abu yake barin farin tabo kamar alli. Ni ban taɓa lura da haka ba, domin kullum na shiga banɗakin fes nake ganin sa. A zatona haka karo yake, shi ke wanke kansa.

Da cikin matata ya tsufa, aka zo aka tafi da ita Waca wurin iyayenta, tunda haihuwar fari ce, can za ta haihu ta yi wanka. Tana shirin shiga mota ta juyo ta ce min, "Maigida, don Allah ka riƙa kula min da banɗakin nan."

Na ce, "Haba, ke ma dai. Wurin da ruwa ke zuba a kai kullum, ta ina zai yi dauɗa?"

Ta shige mota, suka tafi.

Watanni suka shuɗe. Ta haihu lafiya, namiji, na je suna na dawo, na ci gaba da zaman gwauro. Wanka nake yi da asuba a gurguje, in dawo a gajiye in sake watsa ruwa in kwanta. Ana nan sai ta bugo min waya cewa gobe za su dawo, kuma Gwaggo ce za ta rako ta. Gwaggon nan yayar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, saboda haka suruka ce a wurina sosai. Tun da na yi aure ban taɓa ɗaga kai na kalli idonta ba, kuma duk dangi sun san ta da tsabta, mace ce da ke shinshina kofi kafin ta sha ruwa.

Washegari da safe na tsaya a ƙofar banɗakin na kalle shi da idon baƙo. Farin karon nan ya koma ruwan toka. Daga gwiwa zuwa ƙasa wani danƙo ne na sabulu ya kwanta a bango, in ka shafa sai ya biyo yatsa. Famfon ya yi farin gemu, dush ɗin kuma hudojinsa sun toshe, ruwa na fita ta gefe yana feshin ƙofa. Ashe a cikin wannan nake wanka ina waƙa.

Na tuɓe riga, na bar gajeren wando, na kama aiki. Na zuba omo na goge, danƙon ya ɗan saki, amma farin nan ko gezau. Na ɗauko soson ƙarfe na dirza har hannuna ya yi ja. Na koma kankarewa da wuƙa. Rana na ta ɗagawa, ban gama ko kusurwa ɗaya ba.

A nan ne dabarar da ta kusa kashe ni ta zo min. Na tuna ruwan batir da nake sayarwa a shago, wanda ɗigonsa kaɗai ya sha huda min wando. Na ce abin da ya ci yadi ai ba zai bar wannan ba. Na hau babur na ɗauko, na tsiyaya kaɗan a ƙasa. Nan take wurin ya soma kumfa yana cuu, farin ya narke a gaban idona. Wallahi har tafi na yi. Na malala shi ko'ina, na ja ƙofa na rufe don kada ya fantsama cikin ɗaki. 'Yar tagar da ke sama kuwa tun tuni na toshe ta da kwali saboda sauro.

Da na tsaya a nan, da ɓarnar ta tsaya a kan karo. Amma sai na hango kwalbar jabel a kusurwa. Na ce wannan ya cire tabo, wannan kuma ya kawo fari da ƙanshin tsabta irin na gidan likita, Gwaggo tana shigowa hancinta ya ba ta labari. Na buɗe na juye a kai.

Wani wari ya taso ya doki fuskata. Ku ji wauta, sai na ce a raina, "Yawwa, yanzu magani ya kama." Na ƙara duƙawa ina gogewa. Ban yi nisa ba idanuna suka kama zafi kamar an watsa min barkono, hawaye na zuba, hanci na zuba. Sai tari. Na ja numfashi na ji ƙirjina ya ƙi buɗewa, kamar an ɗaure shi da igiya. Na miƙe na kama sakatar ƙofa, hannuna duk santsi, tana zamewa. Ban san sau nawa na gwada ba, abin da na sani shi ne a wannan ɗan lokacin na tuna ɗana, na ce ashe a banɗaki za a ce masa ubansa ya cika. Da ƙofar ta buɗe, da rarrafe na ratsa ɗaki da tsakar gida, na zube a ƙofar gida ina tari kamar raina zai fita.

Kafin ka ce me mutane sun taru. Wani dattijo ya ce aljanun banɗaki ne, wataƙila na shiga ban yi addu'a ba. Wata ta ce a kawo nono a ɗura min. Allah ya taimake ni ranar babu lakwal, makarantu a rufe, maƙwabcina yana gida, malami ne da ke koyar da kimiyya a kolej, Mushe muke ce masa. Ya ratso mutane, ya leƙa zaure, ya ja da baya da sauri yana toshe hanci.

Ya ce, "Maƙwabci, me ka zuba a ciki?"

Na ce, "Jabel." Tari ya sarƙe ni. "Da ruwan batir."

"Inna lillahi! A tare?"

Na gyaɗa kai. Ya ce kada a ɗura min komai, a matsa a ba ni iska. Ya sa aka kawo butoci ya yi ta kwarara min ruwa a ido da jiki. Ya hana kowa shiga, ya zagaya ta bayan gida da sanda ya ture kwalin da ke tagar.

Ina kwance a ƙasa jiƙe sharkaf, ƙasa ta manne min a ciki, daga ni sai gajeren wando, sai ga taksin Waca ta tsaya. Sun yi sammako. Matata ta fito da jariri ta ga taro a ƙofar gidanta, ta ga mutum a miƙe ana zuba masa ruwa, sai ta ƙwalla ihu. Na ji muryar Gwaggo tana salati. Ku yarda da ni, jin muryar nan ya fi ruwan butar tashe ni. Na yunƙura na durƙusa, na rungume ƙirjina da hannu biyu don in rufe, na ce, "Gwaggo, ina... ina..." Tari ya ƙarasa gaisuwar. Ta kawar da kai gefe, ta zaro zanen goyo daga cikin kaya ta miƙo ta baya ba tare da ta dube ni ba. Da shi na lulluɓe a gaban duk 'yan unguwa.

Matata ta nufi zaure da sauri, za ta kwantar da yaron ta ɗauko min riga. Mushe ya tare ƙofa ya ce, "Madam, kada ki shiga da yaron nan. Iskar da ta kayar da ƙato irin wannan, jariri ba zai ɗauke ta ba ko kaɗan. Ku wuce gidana."

Duk kunyar da nake ji sai ta gushe, tsoro ya maye wurinta. Ƙofar banɗakin nan a gefen gado take. Da na daure na gama na rufe, na fita tarbar su da fara'a, da hannuna zan kai ɗana cikin ɗakin.

Aka ɗora ni a babur zuwa likita. Manjo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya saurari ƙirjina, ya sake wanke min ido, ya riƙe ni har la'asar kafin ya sallame ni. Ya ce jabel ba ya haɗuwa da duk wani abu mai tsami ko mai ci, in suka haɗu iska mai guba suke fitarwa, kuma na ci sa'a da na fito da ƙafata. Na ce masa da gwiwata dai. Iyalina a gidan Mushe suka kwana, namu gidan aka bar shi a buɗe, sai da warin ya tafi aka malala wa banɗakin ruwa mai yawa.

Da muka shiga duba wurin, simintin da ke tsakanin karo ya zagwanye, famfon ya yi baƙi, soson ƙarfe ya bar zane ko'ina. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Matata ta leƙa bayan ƙofa ta ce, "Ina kwalbar binegar da na bari a nan?"

Na ce, "Ai na ɗauka mantuwa kika yi, na mayar da ita madafa. Na cinye ta a salak."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin gado. Ashe da wannan ruwan tsamin take wanke banɗakin duk mako. Da na warware ta sa na sayo wata, ta zauna da yaro a cinya tana ba ni umarni, Gwaggo na gefe a kan kujera. Aka buɗe ƙofa da taga. Na fara wanke danƙon sabulun da ruwan ɗumi da omo da soso mai laushi, na ɗauraye. Sauran farin da ke sama na shafa masa binegar da aka sirka da ruwa, na jiƙa tsumma na naɗe famfo, kan dush ɗin kuma na kwance na tsoma a kwano. Na ɗauki soso zan hau dirza, ta ce, "A'a, bar shi ya jiƙa. Je ka sha shayi." Da na dawo, shafa ɗaya farin ya biyo tsumma. Ta ce in babu binegar lemun tsami ma yana yi, jabel kuwa ranarsa daban, shi kaɗai, bayan an ɗauraye wurin sarai, domin ko da binegar ɗin ba a haɗa shi. In an gama wanka kuma a share ruwan bango, shi ke nan tabon ba ya samun wurin zama.

Abin da wannan rana ta koya min shi ne kada in sake haɗa magunguna biyu don ina ganin ƙarfinsu zai ninku, kuma duk aikin da ban sani ba in tambayi mai yin sa, ko da a waya ne. Na kuma gane cewa duk abin da na tarar fes a gidana, akwai wadda ta duƙa a kansa ban gani ba. Yanzu wankin banɗaki aikina ne duk ranar Lahadi, ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Gwaggo kuwa har Allah ya karɓi ranta, in na je gaishe ta sai ta amsa, sannan ta ce, "Ya ƙirjin?"