Ummus-Sibyan, Uwar Yara

Lokacin da aka ce gwamnati za ta taso daga Ikko ta dawo dajinmu, ina yaro a wani ƙauye da ke hanyar Jiwa, wanda yau ko sunansa babu. An riga an shafa wa katangunmu jan fenti, an ce da an gama haƙar doya za a kwashe mu. Kowa na ɗaure kaya, ban da kakata, Iya. Ita hankalinta na bayan ɗakinta, inda 'ya'yanta uku suke kwance. Tun suna goye suka rasu, kuma a da a cikin gida ake binne jariri.

Da an yi isha'i mukan kewaye murhunta tana gasa mana doya. Ni take fara tsokana: "Angon nawa, ci dai ka iya, ranar cefane sai a neme ka a rasa." Amma a makon da ƙanwata Ladi ta yi taune-taune har idonta ya kafe, Iya ba ta yi wasa da kowa ba.

Ta ce, "Babana malami ne a Zariya. A littafinsa na magani, wannan ciwon sunansa Ummus-Sibyan. Da Larabci, uwar yara ke nan."

Na ce, "Iya, uwa kuma ta riƙa kama yara?"

"Gyara zama ka ji."

Ta ce a wani garin Larabawa rijiya ta ƙafe, sarki ya ce a tashi. Akwai wata mata da ta binne ɗanta a bayan gida. Ayari ya yi sammako, ba a bar ta ta gaya wa yaron inda za su ba. Da ta komo, rairayi ya shafe garin. Ta yi ta tono har ta mutu, mutuwar ma ba ta hana ta nema ba. Tun daga nan take bi gida-gida, ta ɗaga jariri ta duba fuskarsa. Sanyin hannunta ne ke sa yaro ya sandare. In ba nata ba ne, sai ta ajiye shi.

Na ce, "In ya yi kama da nata fa?"

Iya ta juya doyar a kan wuta.

Ladi ta warke. Ranar tashi, Iya ta durƙusa a bayan ɗaki tana kiran sunayen 'ya'yan nan uku, tana yi musu kwatancen inda za a kai mu, har direban tifar da ta zo kwashe mu ya fara faɗa.

Na girma na yi aikin jinya a Abuja. Na gane zazzaɓi mai zafi ne yakan kawo ciwon, kuma da gaske tsofaffin masu maganin Larabawa haka suka kira shi. Labarin matar kuwa ban ƙara jin sa a bakin kowa ba. Ina jin Iya ce ta ƙirƙiro shi, don tsoron abin da za ta zama. Har yau in na tuna, tausayinta da tsoro suna kama ni tare.

Da ta tsufa tukuf, ta matsa sai na kai ta wurin. Muka tarar da kwalta da benaye. Ta daɗe tana dube-dube, ta kasa gane ko kusurwa ɗaya. Sai ta riƙe hannuna.

"Ranar da za ku sa ni a rami, ka sunkuya ka ce mini 'ya'yan nan nawa suna can suna jirana. Kada ka bari in fito nema."

Ranar ta zo, na sunkuya na gaya mata. Ban sani ba ko ta ji.